Yaron Shago Idan Masifa Ta Auka Gidansa

Ga wata magana wadda ta shafi kowane mai ɗaukar mutum aiki, ko yaron shago, ko direba, ko mai yi masa awo a kasuwa. Idan babbar lalura ta sami ma'aikaci a gidansa, mene ne ya rataya a wuyan maigidansa?

Abin da ya sa muka ɗauko ta ba ɓoyayye ba ne. A watan Disamba 2021 'yan bindiga suka ƙone motar matafiya a Gidan Bawa, ƙasar Sabon Birni, mutum fiye da 20 suka rasu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannunsu. Inda sarki bai tsira ba, ina ga talaka? Sai ka ga yaro yana tsaye a kan awo, alhali mahaifinsa na daji ana neman fansa. Lissafi ya ruɗe masa, maigida ya ce lalaci ne, ya kore shi.

Fataken da ba haka suke yi ba. Wani Bature, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo ta Ibadan, ya buga littafi a 1969 a kan cinikin goro da shanu. Ya nuna yadda maigida ke ciyar da yaransa, ya ba su ɗaki, ya yi musu aure. Ba tausayi kaɗai ne ya kawo wannan ba. Cinikin a kan bashi da amana yake tafiya, yaron da aka riƙe a ranar wahala kuwa shi ake iya aika da dukiya a yi barci.

A Amurka ma riba ce ta koya musu. Wajen 1940 da 'yan kai, kamfanoni irin su DuPont da Kodak suka lura korar gwanin ma'aikaci saboda shan giya ta fi neman masa magani hasara. Daga nan tsarin ya yaɗu har ya haɗa da bashi, da rikicin gida, da ciwon damuwa. Ginshiƙinsa rufin asiri: ma'aikaci ya kai kukansa ga wanda aka keɓe, ba a kai labarin wurin shugabansa.

A Nijeriya akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun hukumar NSITF. Amma fa tana biyan rauni ko ciwon da aiki ya jawo ne kaɗai. Rashin lafiyar mata, ko gudun hijirar iyali, ba ruwanta. Balle yaron shago wanda ko takardar ɗaukar aiki ba ya da ita.

To, nan ne wurin malamai. A fikihu lada tana bin aiki, kwanakin da ɗan ijara ya yi kwance ba lalle ne a biya shi ba. Sai dai aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa matalauta da waɗanda bashi ya danne cikin masu cin zakka. Saboda haka ya halatta attajiri ya ba yaronsa daga zakkarsa idan ya cancanta, da sharaɗin kada ya lissafa ta a madadin albashi. Attajirai da yawa sukan kai zakka wani gari, mabukaci na share musu ƙofar shago.

Shawararmu ga 'yan kasuwa, kowane layi ya yi asusu a hannun amintaccen dattijo, a riƙa zubawa ran kasuwa. Limami ya zama mai sauraron kuka a asirce. Wanda lalura ta fitar kuwa, a yanka masa kwanaki sanannu, a ajiye masa gurbinsa har ya dawo.