Ba Wanda Ya Goge Maka Fayil

Na gaji da jin wannan ƙorafi a ofisoshi da ɗakunan kwamfuta na makarantu: "Jiya na ajiye aikina, yau na kunna babu shi." Daga nan sai zargi ya tashi. Wannan ya ce bairos ne, wancan ya rantse abokin aikinsa ne ke yi masa zagon ƙasa. Alhali in ka leƙa bayan allon, ɗan akwatin nan ne maƙale, irin Dell Wyse ko na HP, wanda ba ya aiki sai ya jingina da babbar kwamfutar ma'aikata, wato saba. A can ainihin aiki da ajiya suke.

Akwatin bai lalace ba, kuma ba wanda ya taɓa maka komai. Da gangan aka tsara shi ya riƙa mantuwa. Akwatunan da ke aiki da Windows 10 IoT Enterprise suna da wani shinge da Microsoft ke kira UWF. Duk abin da ka ajiye a cikin akwatin, shingen nan ba ya bari ya kai ga faifai, sai ya karkatar da shi zuwa ma'ajiyar wucin gadi, galibi a cikin ram. Kamar allon almajiri ne: ana kashewa, ko aka ɗauke wuta, an wanke. Hikimar ita ce ko bairos ya shiga, ko wani ya hargitsa saiti, da an sake kunnawa komai ya koma yadda yake. Faifan ma ƙarami ne, kuma yawan rubutu na rage masa kwana.

Abin takaicin shi ne masu kiran wani "injiniya" a ɓoye ya cire shingen. Haba jama'a! Kayan ma'aikata amana ne. Ka buɗe wa ɓarna ƙofa don kawai ka ajiye hotunan biki da waƙoƙi? Ko da shingen na nan, jibga manyan fayiloli na cika ma'ajiyar, akwatin ya yi nauyi ko ya sandare, sannan ka ɗora wa intanet laifi.

Wani lokaci kam matsalar daga saba take, amma wannan na masu kula da ita ne.

Naka shi ne ka san inda kake. Fuska biyu ce: ta akwatin kansa, da wadda ke buɗewa bayan ka shiga saba da sunanka da kalmar sirrinka. Tambayi jami'in kwamfuta wace folda aka ware maka, sau da yawa tana ɗauke da harafi kamar H, ka ajiye komai a ciki. Gwada tun kafin aiki ya yi nisa: ajiye ƙaramin fayil, sake kunnawa, duba ko yana nan. Idan ka tashi, ka fita daga asusunka sosai, kada ka bar shi buɗe ga mai zuwa bayanka. In filashinka ya ƙi buɗewa, wataƙila toshe kafar aka yi don tsaro, kada ka yi dabara.

Saitin akwatin ma haka yake mantuwa da shi: firinta, harshen madannai, girman rubutun allo. Ko sau nawa ka canza, zai koma. Jami'in ne zai ɗage shingen, ya sake kunnawa, ya yi gyaran, ya mayar da shingen. Jami'ai kuma ku ji tsoron Allah, ku yi wa sabon ma'aikaci wannan bayani tun ranar farko, kada ku jira sai rahotonsa na wata guda ya salwanta.