Lambun Ƙofar Gamji da Dandalin Garinmu

Mutumin Ikara, ko Maƙarfi, ko Kudan, in Allah ya kai shi Kaduna, ya kamata ya leƙa Lambun Ƙofar Gamji a bakin kogi, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. A ciki akwai gadar nan da Gwamna Lugga ya gina a Zungeru cikin 1904, daga baya aka ɗauko ta aka kafa a nan. Ga inuwa, ga filin wasan yara. Da an yayyanka shi fuloti tun da can, da ba mu gāje shi ba.

To, malamai da ma'aikata, dandalin garinku fa? In an sayar da shi, ina yara za su yi gaɗa da langa?