Kasuwar Tsofaffin Kaya Ta Intanet: Ina Ribar Mai Fansho?

Yau mun ɗan jingine farashin hatsi da na bisashe, za mu leƙa wata kasuwa wadda ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci, watau kasuwar tsofaffin kaya ta intanet. A Amurka da Ingila dattawa da yawa da suka ajiye aiki da ita suke rage zaman banza. Ran Asabar ko Lahadi mutum ya zaga gidajen da magada ke karyar da kayan gado, ko filin da jama'a ke baje kaya a bayan motocinsu, ya tsinto agogo ko kyamara ko faifan garmaho, ya ɗauki hotonsu, ya kasa su yana zaune a ɗakinsa.

Babban dillalin wannan kasuwa shi ne eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Kalifoniya a 1995. Asalinsa gwanjo ne sak, a sa kaya a yi ta tayawa har wa'adi ya cika, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Sa'an nan ga Etsy, wanda aka buɗe a 2005. Shi kuwa ba ya kiran kaya tsoho sai ya shekara 20 da ƙerawa. Masu fayafayi nasu dillalin daban, sunansa Discogs.

To, dillali ba ya aikin banza. Etsy na karɓar santi 20 kan kowane kaya da aka kasa, in an sayar kuma ya cire kashi 6 da rabi cikin 100, tun daga 2022. La'adar eBay a Amurka ta ɗara kashi 13 a yawancin kaya. Abin da sabon shiga ba ya lura da shi kuwa, har kuɗin aikawa da mai saye ya biya ana cire la'ada a kansa. Cinikin dala 40, sama da dala 5 ta tafi tun ba a sayi kwali ba. In kuma kaya ya isa mai saye ya ce ba haka aka siffanta masa ba, a mai da masa kuɗinsa, ɗawainiyar dawo da kayan ma tana wuyan mai sayarwa. Don haka tsaga ko tabo, a faɗe shi tun a wajen talla.

Wani wurin da ake ruɗuwa shi ne farashi. Mutum ya ga an kasa irin rediyonsa da kuɗi mai tsoka, sai ya fara lissafin Makka. Malam, wannan kuɗin baki ne, kowa na iya yanka abin da ya ga dama. A eBay akwai wurin da ake duba abin da aka riga aka sallama da nawa aka sallama shi, can ne farashin gaskiya yake. Mu dai a ganinmu, wanda bai iya duba wannan ba kada ya taɓa giratutinsa ya sari kaya. Ya fara da abin da ke ƙarƙashin gadonsa.

Mu ma nan ai ba mu rasa irin kayan ba, sai dai 'yan bola jari ke kwashe su a kan kilo. Amma fa tsufa kaɗai ba ya sa kaya tsada, sai in ya yi ƙaranci kuma ana nemansa. Ɗauki kwabo mai huji da anini, na zamanin Turawa, tun kafin Naira ta shigo a 1973. Akwai na 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya sauka daga gadon sarauta cikin shekarar, har Ingila kanta ba ta kai ga fitar da kuɗi da sunansa ba. Labari mai daɗi, amma an buga su da yawa ƙwarai, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ke da su kada ya goge su da toka ko lemon tsami, wajen masu tara kuɗin da, gogaggen kwabo ya faɗi.

Keken ɗinki Singer, na masana'antar Clydebank ta Sikotilan da aka rufe a 1980, lambar jikinsa na nuna shekarar da aka ƙera shi. Sai dai ƙarfe ne zalla, kuɗin kai shi Turai ya kan fi kuɗinsa. Shi da keken Raleigh, gara a sa su a Jiji ko Facebook, mai saye ya zo ya ɗauka da hannunsa. Abin da ke jure tafiya shi ne ƙarami marar nauyi, kamar agogon hannu, da kan sarki, da fayafayin mawaƙan Nijeriya na shekarun 1970 irin su Fela, waɗanda bugunsu na asali ke da masu nema a Turai da Amurka, muddin faifan bai karce ba kuma jakarsa na nan.

Saura doka. A Nijeriya, Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi, ta hana fitar da kayan tarihi ba da izni ba, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana ciki. Watau tsohon takobi ko tambari da aka gada wajen kaka, a nemi takardar hukumar kafin a yi maganar farashi da kowa. Hauren giwa kuwa, eBay ya hana kasa shi tun 2009.