Mai Shago Ya San Ka, Hukunci Yana Yamai: Hulɗar Kuɗi a Ƙasar Arewa

Wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Doso a Nijar, ya ratsa Kore Mairuwa ya shiga Dogon Dutsi, zai lura da yadda shagunan aika kuɗi suka yawaita a bakin titi da kewayen tasha: Nita, Al Izza, Amana, BNIF Afuwa, sai rumfunan masu sayar da katin waya da ke cire wa mutane kuɗi daga Airtel Money. Rassan banki kuwa ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, kuma a babban gari suke. Gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, wadda aka cire daga cikinta a 2011, sun haura mutum 600,000 tun a ƙidayar 2012. Mafi yawansu ba su taɓa zama gaban ma'aikacin banki ba, amma da wuya a sami gidan da kuɗi bai taɓa shigo masa ta waya ko ta shagon aike ba.

Saboda haka kukan da ake yi a wasu ƙasashe, cewa na'ura ta kori ma'aikacin da ke gaisawa da mutane, bai zauna daidai a kan Arewa, wato wannan yanki na Dogon Dutsi da Tibiri, ba. A nan waya ta riga banki isa ƙauye. Abin da ake rasawa ya fi gaisuwar teburi nauyi: mutumin da ya san ka, kuma yake da ikon ya ce "na yarda" a kan kuɗi. A da sani da iko suna hannun mutum ɗaya. Yanzu sun rabu, sanin yana hannun yaron shago, ikon yana Yamai ko cikin kwamfuta.

Arawa mutanen cin rani ne tun da daɗewa. Da an kai hatsi rumbu, samari su tsallaka iyaka zuwa Kangiwa, Birnin Kabi, Sakkwato, wasu har Ikko da Kwatano da Abijan. Kuɗin da suka samu yana dawowa a aljihun direban da aka sani, ko ɗan gari mai komawa gida. Mai kawo saƙon zai durƙusa ya ce, "Baba, ɗanka yana gaishe ka, ya ce a ba Inna wannan, wannan kuma a rage bashin taki." Daga nan a zauna, a tambaye shi ko yaron ya rame, ina yake kwana, da wa yake yawo. Wanda ya tara ɗan abin hannu yana kai ajiya wurin attajirin gari ko liman, mata kuma suna da uwar adashi. Tsarin yana da aibinsa, kuma bai kamata a ɓoye ba: saƙo yana makara, wani lokaci ya iso da giɓi, mai ajiya kan mutu magada su ce ba su san zancen ba, kuma wanda ba shi da dangi masu faɗa a ji ba ya samun lamuni. Amma duk wanda aka zalunta ya san ƙofar da zai buga, ya san dattijon da zai kai wa ƙara.

Bankin zamani bai taɓa maye wannan gurbin ba. Asusun lamunin manoma na ƙasa, CNCA, ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1980, babban bankin raya ƙasa BDRN ya bi bayansa a 1990, aka kafa Sonibank a kan abin da ya rage. Masu ajiya da yawa sun sha wahala kafin su ga kuɗinsu, kuma irin wannan labari yana daɗewa a bakin mutane. Sai a 2011 bankin manoma na BAGRI ya fara aiki. Binciken Findex na Bankin Duniya ya nuna a 2017 kusan kashi 16 cikin 100 ne na manyan mutanen Nijar ke da asusu kowane iri, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Waɗanda suka san daɗin hulɗa da banki ido da ido ƴan ƙalilan ne: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu kaki, tsofaffin ma'aikata da manyan ƴan kasuwa. Su ne suka san lokacin da shugaban reshe zai dubi malami ya ba shi lamuni kafin albashi don ya san matarsa ta haihu. Su ne kuma yanzu ake ce wa, "Takardunka sun tafi Yamai, sai ka jira."

Dalilin farko na wannan sauyi lissafi ne. Reshen banki yana buƙatar gini, ma'ajiyar ƙarfe, masu gadi, wutar da ba ta yankewa, da motar da za ta kawo tsabar kuɗi daga nesa. Ajiyar talaka jika biyar ce, jika goma, kuma yana kwashe ta da zarar damina ta kama. Ba bankin da zai buɗe reshe a Dogon Kiriya ko Geceme don wannan. Shagon aike kuwa ɗaki guda ne da teburi da waya. Ga matsalar tsaro a ƙauyukan arewacin gundumar Dogon Dutsi da bakin iyaka, wadda ta sa yawo da kuɗi a mota ya zama kasada. Sai takardu: buɗe asusu yana son katin shaida, hoto, sa hannu a kan fam da aka rubuta da Faransanci, a ƙasar da masu iya karatu cikin manya ba su wuce kashi ɗaya cikin uku da yawa ba. Dokokin hana safarar kuɗin haram sun ƙara tsaurara wannan, sun kuma janye hukunci daga hannun ma'aikacin reshe zuwa hedikwata.

Shekarar 2023 ta hanzarta komai. A farkonta canjin takardun naira ya busar da tsabar kuɗi a Najeriya, kuma kasuwannin bakin iyaka da naira ke yawo a cikinsu sun ji a jika. Ɗan kasuwar da ya kai wake ko dabba ƙetare ya ga ba a biyansa sai ta waya, dole ya nemi wanda ke da asusu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, takunkumin ƙungiyoyin yanki na CEDEAO da UEMOA ya toshe hulɗa da babban bankin BCEAO, Najeriya ta yanke wuta, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira. Har aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, ma'aikata sun sha layi don karɓar ɗan abin da aka yarje musu daga albashinsu. Ma'aikacin da ke bayan gilashi ba shi da laifi, ba shi kuma da abin da zai yi, kuma mutane sun ga hakan da idonsu. Da yawa sun koyi cewa sanin ma'aikacin banki ba ya fitar da kuɗi ranar da ake buƙata.

Ribar sabon tsarin ta gaske ce. Kuɗin asibiti da aka tura daga Abijan da hantsi yana isa Matankari kafin azahar. Ba wanda zai ce ɓarayi sun tare shi a hanya. Akwai kuma sirri, wanda mata suka fi kowa amfana da shi. A lokacin ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar Concern ta raba tallafi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wasu hannu da hannu, wasu ta hanyar Zap, wato tsarin waya na wancan lokaci. Binciken da Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta jagoranta ya gano gidajen da suka karɓa ta waya sun ci abinci iri-iri fiye da sauran, domin matan ba su ɓata yini a layi ba, kuma sun fi samun ta cewa kan yadda za a kashe kuɗin. Wannan ya kamata ya sa mai begen zamanin da ya yi hattara. Hulɗar ido da ido ita ce kuma hanyar da kishiya da suruki da maƙwabci ke sanin abin da ya shigo hannunki.

Sai dai waya tana magana da wanda ya iya karatu ne kawai. Tsohuwar da ɗanta ya turo wa kuɗi ba ta iya karanta saƙon, don haka tana miƙa wayar da lambar sirrinta ga jika, ko ga mai shago. Sirrin da aka ce ta samu ya koma hannun wani. Ƴan damfara sun gane wannan sarai: su kira da Hausa mai daɗi, su ce daga kamfani ne, an ci kyauta ko an yi kuskuren turo kuɗi, a karanto musu lambar da ta shigo. Muryar mutum da kamfani ya janye, ɓarawo ne ya dawo da ita. Idan kuɗi ya maƙale tsakanin asusu biyu, ko aka tura wa lambar da ba ita ba, sai a ba mutum wata lamba ya kira, na'ura ta ce ya danna ɗaya ko biyu, katinsa ya ƙare bai ji muryar kowa ba.

Nauyin duk wannan yana faɗawa kan yaron shago. Shi ne ke cewa, "Inna, zauna ki huta, rezo ne ya ɗauke." Shi ke karanta saƙo, ya ƙirga kuɗi sau biyu a gaban tsoho, ya san wanda ɗansa ke turowa duk wata da wanda aka manta da shi. A aikace shi ne ma'aikacin bankin Arewa, kuma da yawansu suna riƙe amana abin yabo. Amma ladansa bai taka kara ya karya ba a kan kowane aike, horonsa kaɗan ne, kuma ba ya iya mayar da kuɗin da ya ɓata, ba ya iya ɗaga wa kowa ƙafa, ba ya iya ba da rance. Abin da ya sani game da mutanen garinsu, wanda kowane banki zai so ya sani, ba ya shiga lissafin kowa.

A wurin rance ne wannan rabuwa ta fi ciwo, kuma a ganina nan ne asarar ta fi girma. Aika kuɗi aiki ne da na'ura ta iya. Ba da bashi kuwa hukunci ne a kan halin mutum. Mai noman dankalin Turawa a fadamun Dogon Dutsi yana buƙatar kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa a watan Nuwamba, ba zai biya ba sai ya haƙe ya sayar. Ba shi da takardar albashi, gonarsa ta gado ce ba ta da takarda. Abin da yake da shi suna ne: kowa ya san ba ya cin bashi. Kwamfutar da ke Yamai ba ta da gurbin rubuta wannan. Sai ya koma wurin ɗan kasuwar da zai ba shi kuɗi yanzu ya karɓi amfanin gona da rahusa lokacin haƙa.

Abin lura shi ne dabarun da suka yi tasiri a karkarar Nijar duk a kan sanin juna aka gina su. Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ta ɗauki adashi ta ƙara masa akwati da rance da rabon riba, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Jinginar amfanin gona, da aka yaɗa tun ƙarshen shekarun 1990, tana aiki ne don manoma sun tara buhunansu a sito guda mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiyarsu, ɗaya wurin mai ba da rance. A duka biyun, mutanen da suka san mai karɓa su ne ke yanke hukunci.

A wasu ƙasashe ma ana neman mafita: a Birtaniya an rufe rassan banki fiye da 6,000 tun 2015, har aka koma buɗe ofisoshin haɗin gwiwa inda bankuna ke turo ma'aikaci bi da bi. A Spaniya, a 2022, wani tsohon likita mai suna Carlos San Juan ya tara sa hannun mutum fiye da 600,000, ya tilasta wa bankuna tsawaita lokacin karɓar tsofaffi ido da ido. Dattijon Tibiri ba shi da reshen da zai nemi a mayar masa, amma buƙatarsa ba ta fi ƙarfin kamfanoni ba. Kundin mulkin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka babu hujjar da za ta hana layin kai ƙara ya amsa da Hausa, da muryar mutum mai rai, kyauta. Bankin da ba zai iya gina reshe ba yana iya turo ma'aikacin rance ranar kasuwa, ya zauna da ƙungiyoyin manoma da na mata, a ba shi ikon amincewa da ƙaramin bashi a nan take ba tare da takarda ta yi tafiyar kilomita fiye da 250 ba. Masu shagunan da suka shekara suna riƙe kuɗin jama'a ba tare da ƙorafi ba su ma ana iya horar da su, a ɗaure musu gindi da doka, a karɓi shaidarsu a kan mai neman rance.