Macijin Wuta Da Ya Fito Daga Takardar Jarrabawa

Sau da yawa mukan ji malamai da akawuna suna cewa suna sha'awar rubuta littafin hira, amma ba su san inda mawallafa ke samo labari ba. Waɗansu na zaton mutum kan kwanta da dare, gari na wayewa ya tarad da labari ya sauko masa duka. Saboda haka yau za mu ba da labarin wani malami na Ingila, da yadda ya yi ya ƙago macijin almara wanda har yanzu yara da manya ke karanta labarinsa cikin harsuna masu yawa.

Sunan malamin J. R. R. Tolkien. An haife shi a Afirka ta Kudu cikin 1892, ya girma a Ingila, cikin 1925 ya zama shehun malamin tsohon Turanci a Jami'ar Oksfod. Ga iyali, ga albashi ba ya isa, don haka in an yi hutu yakan karɓi aikin duba takardun jarrabawa don ya sami ɗan ƙari. Ran nan, wajen 1930, yana cikin wannan aiki, sai ya tarad da wani ɗalibi ya bar shafi guda fari fat. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta jimla ɗaya a kai, game da wata 'yar halitta mai zama cikin rami, ya kira ta hobbit. Daga wannan jimla littafin The Hobbit ya tsiro.

Labarin kuwa shi ne, wani hobbit mai suna Bilbo, ɗan gajere mai son abinci da zaman gida, ya bi waɗansu wadanni 13 zuwa wani dutse don su ƙwato dukiyar kakanninsu. Wanda ya danne dukiyar shi ne Smaug, irin abin nan da Turawa ke kira daragon, watau ƙaton maciji mai fukafukai da ƙafafu, jikinsa duk sulke, yana fesa wuta ta baki.

To, ina Tolkien ya samo shi? Tun yana yaro ya karanta labarin Sigurd, jarumin tsofaffin mutanen arewacin Turai, wanda ya kashe wani maciji mai suna Fafnir. Abin ya shiga ransa ƙwarai, har labarin da ya fara rubutawa, yana da shekara bakwai, na daragon ne. Shi Fafnir yana magana kamar mutum, kuma ta ciki aka soke shi, inda babu sulke. Da ya tambayi Sigurd sunansa, da farko Sigurd ya ɓoye. Duk waɗannan sun sake fitowa cikin The Hobbit: Smaug na da fasahar zance, yana da ɗan wuri a ƙirji na hagu inda sulke bai rufe ba, Bilbo kuma ya ƙi faɗa masa sunansa, sai ya yi ta yi masa zaurance.

Tushe na biyu shi ne Beowulf, tsohuwar waƙar Ingilishi mai layi fiye da 3,000, wadda Tolkien ya yi shekaru yana koyarwa. A cikinta wani bawa ya saci ƙoƙon sha guda daga taskar da maciji ya yi shekara 300 yana gadi, macijin ya fusata ya ƙone ƙasa. Haka Bilbo ya ɗauke ƙoƙo guda, Smaug ya farka ya gane nan take, ko da yake ba shi da abin da zai yi da shi. Cikin 1938 Tolkien ya bayyana wa wata jarida cewa bai zauna da niyyar kwaikwayo ba, waƙar ce ta riga ta zauna masa a zuciya. Har sunan Smaug ma daga wata tsohuwar kalmar kakannin Jamusawa ya ciro shi, ma'anarta kutsawa ta cikin rami. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Amma fa tara kayan gini daban, gini daban. Tolkien yakan karanta wa 'ya'yansa abin da ya rubuta, su kuwa ba su yi masa kara. Ɗansa Christopher ya taɓa tsai da shi, ya ce a baya ya faɗi launin ƙofar Bilbo iri ɗaya, yau kuma ya sake. Tilas uban ya tashi ya je ya rubuta don kada ya manta. Ya zana taswirar ƙasar da hannunsa, domin tafiyar mutanensa ta yi daidai da nisan wurare. Da fari sunan macijin Pryftan ne, daga baya ya sake shi. Da fari kuma ya shirya Bilbo ne zai soke macijin yana barci, sa'an nan ya watsar da wannan, ya kawo wani maharbi mai suna Bard ya harbe shi da kibiya.

A ganinmu, inda ya fi nuna gwaninta shi ne bayan mutuwar macijin. Littafin babi 19 ne, Smaug ya mutu a babi na 14. Da wani ne, da nan zai rufe, a yi ta kiɗa da guɗa. Shi kuwa sai ya nuna cewa maciji ya mutu, amma ciwonsa bai mutu ba. Thorin, shugaban wadannin, da ya ga zinariya sai halinsa ya sake, ya hana mutanen da Smaug ya ƙone wa gari rabonsu, har saura kaɗan abokai su far wa juna. Bai gane kuskurensa sarai ba sai yana bakin mutuwa. Duk wanda aka taɓa danƙa wa mabuɗin taskar jama'a ya san wannan ba tatsuniya ba ce kawai.

Cikin 1936 aka miƙa littafin ga kamfanin George Allen & Unwin na Landan. Mai kamfanin ya ba ɗansa Rayner, yaro ɗan shekara 10, ya karanta ya ba da ra'ayi, ladansa sule guda. Yaron ya yaba, aka buga littafin ran 21 ga Satumba, 1937, guda 1,500, kafin ƙarshen shekara sun ƙare. Tolkien ya rasu cikin 1973.

Daga jimlar farko zuwa bugu, wajen shekara bakwai ke nan, kuma duk cikin ragowar lokacin da aikin koyarwa ya bar masa. Saboda haka malamin da ke son rubutu, kada ya zauna jiran ilhama. Ya nemi tsofaffin labaran da ya gada ya san su ciki da waje, ya rubuta, ya karanta wa yara, in sun gyara masa ya karɓa. Sannu ba ta hana zuwa.