Kwana a Otel na Bakin Teku: Abin da Ɗan Damargu Ya Kamata Ya Sani

Daga Tanut zuwa teku mafi kusa tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, amma hakan bai hana mutanen Damargu isa can ba. Fatake na zuwa Lome da Kwatano sayen mota da ɗaukar kaya, ma'aikata na zuwa taro Abijan ko Dakar, ga ɗalibai da ƴan ci-rani. Mafi yawansu a Zango suke sauka, gidan ɗan'uwa ko na maigida. Sai dai yanzu da yawa kan sami kansu a otel na bakin teku, ko don nan aka shirya taro, ko don mutum ya ware kwana biyu ya huta da iyali. Hutu ne mai daɗi, amma yana da ƙa'idojin da rayuwar tudu ba ta koya mana ba.

Garuruwan shaƙatawa da yawa suna ƙasashen da ke kashe sefa irin tamu, don haka babu wahalar canji. A Benin akwai Grand-Popo, kimanin kilomita 85 yamma da Kwatano, gari ne da ke kan siririn tudun yashi tsakanin teku da kogin Mono. A Kwaddibuwa akwai Grand-Bassam, kilomita 40 gabas da Abijan. Shi ne babban birnin farko da Turawan Faransa suka yi a ƙasar a 1893, har annobar shawara ta 1899 ta kore su, kuma UNESCO ta sa tsohuwar unguwarsa cikin kayan tarihin duniya a 2012. A Senegal akwai Saly, kimanin kilomita 80 kudu da Dakar. Mai niyyar tafiya ta ƙasa ya fara tambayar halin da hanya ke ciki, domin rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karkatar da zirga-zirga da yawa zuwa Lome ta Burkina Faso. Kada kuma a manta fasfo ko katin ɗan ƙasa, da katin allurar shawara.

Batun ɗaki, a yi shi kafin a ajiye jaka. Ɗakin da tagarsa ke kallon teku ya fi na baya tsada, alhali gado ɗaya ne. A tambaya ko kuɗin ya haɗa da karin kumallo da harajin kwana da ake ɗora wa baƙo, ko kuwa sai ranar tafiya za a ga ƙarin wasu jikkuna a takarda. A yawancin otel-otel ƙarfe 12 na rana ake sakin ɗaki, wanda ya wuce lokaci ana iya ƙirga masa wani kwanan. A shiga a duba da ido: iskar teku ɗauke take da gishiri, tana cin ƙarfe, shi ya sa za ka tarar da makulli ya yi tsatsa, famfo ya cije, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani ba sanyi. A tambaya ko akwai injin kuran in an ɗauke wuta, domin zafin bakin teku ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, inuwa na maganinsa. Nasu jiƙaƙƙe ne: gumi ba ya bushewa, rigar da aka wanke da yamma takan kwana da danshinta.

Babban abin da ya kamata a yi wa karatun ta-natsu shi ne tekun kansa. Yaron da ya tashi yana iyo a tabkin damina, ko a ruwan da ke kwanciya a kwarin Tarka wajen Belbeji, ya saba da ruwan da ke tsaye wuri ɗaya. Teku ba ya tsayawa. Sau biyu a yini da dare yake cikowa ya janye, saboda jan da wata ke yi masa, tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 da minti 25. Inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da la'asar. Ga shi gaɓar Benin da Togo da Kwaddibuwa tana da gangara, igiyar ruwa na zuwa daga tsakiyar Atlantika ba abin da ya tare ta, ta fashe daf da ƙafar mutum, sannan ta koma tana zare yashin da ya taka. Wanda ruwa ke iya gwiwarsa yana iya faɗuwa, musamman in yana sanye da babbar riga ko zane da hijabi, waɗanda ke yin nauyi da zarar sun jiƙe. Mai ɗaukar hoto da waya in ya juya wa teku baya ya ba shi dama.

Abin da ya fi halaka mutane shi ne jan ruwa. Duk ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, kuma yakan tattaru ya bi wata siririyar hanya ya yi cikin teku da gudun da wani lokaci yakan wuce mita 2 a daƙiƙa, gudun da ko gwanin iyo ba ya iya ja da shi. Yaudararsa ita ce nan ne wurin da ya fi kama da lafiya: hagu da dama igiya na fashewa da farin kumfa, tsakiya kuwa ruwa ya yi duhu ya kwanta lumui. Baƙo sai ya zaɓi nan. In aka lura da kyau, za a ga kumfa da ganye da jan yashi suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Wanda ya faɗa, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Dabarar ɗaya ce da ta wanda korama ta ɗauka da damina: ba a fuskantar ruwa, gefe ake yankawa. Ya yi iyo a jere da gaɓa har ya fita daga hanyar jan, in bai iya ba ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu. Na tudu kuma kada ya yi tsalle ya bi shi, ya jefa masa jarka ko igiya, ya yi kururuwar neman masunta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Jar tuta a bakin ruwa na nufin kada a shiga. Inda babu tuta babu mai ceto, a tambayi masunta, da ɗan gari akan ci gari. Kwamin wanka na otel ma ba a barin yaro a bakinsa shi kaɗai.

Ta fannin lafiya, sauron bakin teku ba ya jiran damina kamar namu. Bayan gaɓa akwai tabkuna da fadamu, zazzaɓin cizon sauro na nan duk shekara, don haka sange a kan gado ba ƙauyanci ba ne. Ruwan teku ba ya shayuwa, kowace lita tana da gishiri kusan giram 35, ƙishi yake ƙarawa. Kifi da jatan lande a ci su da zafinsu, wanda bai taɓa cin jatan lande ba ya fara da kaɗan, don yakan tayar wa wasu da ƙaiƙayi da kumburi. Mai son rana da bushewa ya nufi Disamba zuwa Maris, domin daga Afrilu zuwa Yuli babbar damina ce a gaɓar Benin da Togo.

Ibada ba ta da wuya a can. Ruwan teku mai tsarkakewa ne, ana alwala da shi, kuma a mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne ba sai an yanka ba. A gaɓar Benin da Togo teku na kudu: in ka fuskance shi gabas na hagunka, alƙibla kuma ta ɗan karkata arewa da gabas. Naman tudu ne ke buƙatar tambaya, haka ma miyar da wasu masu dafuwa ke zuba wa giya. Yawancin waɗannan wurare suna da mashaya, kuma shigar masu wanka ba irin tamu ba ce. Mai tafiya da iyali ya san da haka tun daga gida, ya nemi otel ɗin da ya dace da shi.

Abu na ƙarshe, gaɓar da ake zuwa kallo tana zaizayewa. Madatsun ruwa irin na Akosombo a Gana sun tare yashin da koguna ke kawowa, tashoshin jirgin ruwa na Lome da Kwatano sun datse wanda ke bin gaɓa, masu gini na kwasar sauran. Teku ya ci gidaje a tsohon Grand-Popo da Aneho, ya taɓa cinye yashin gaban otel-otel na Saly har sai da aka sake zubo wani. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓa ta jawo wa Benin da Togo da Kwaddibuwa da Senegal asarar dalar Amurka biliyan 3.8 a 2017 kaɗai. Baƙo ba zai iya tsayar da wannan ba, amma yana iya kwashe ledarsa da robar ruwansa, ya ƙi sayen ƙwan kunkurun teku, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton masunta suna jan koma. Wurin da ya zo hutawa, nan ne su suke neman abincinsu.