Gurnanin mage: ba kullum ba ne jin daɗi

Yau maganar mage za mu yi, ko kyanwa, duk yadda kuke kiranta a garinku. Kun san wannan ƙarar "grrr" mai laushi da take yi idan ana shafa ta, kamar ƙaramin janareto a can nesa? To, ita ce.

Daga maƙogwaro ƙarar ke fitowa. A cikinsa akwai tantanin murya guda biyu, iska na bi ta tsakaninsu suna kaɗawa kamar sau 25 zuwa 150 a daƙiƙa ɗaya. Kuma mage na yin wannan tana shaƙar iska, tana yi tana fitarwa, shi ya sa ba kwa jin ƙarar ta yanke. Ku gwada magana kuna jan numfashi ciki ku ji yadda abin ke da wuya.

An daɗe ana cewa ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ga naman maƙogwaron a kowane bugu. Sai a 2023 Christian Herbst da abokan aikinsa a Jami'ar Biyana, ƙasar Ostiriya, suka hura iska cikin maƙogwaron maguna takwas da suka riga suka mutu, kuma ƙarar ta fito. Ashe akwai wani ɗan kumburin nama a jikin tantanin da ke ba ƙaramar dabba damar fitar da murya mai kauri haka.

To me ya sa take yi? 'Ya'yan mage idonsu da kunnensu a rufe ake haifarsu, amma suna jin girgizar jikin uwarsu, su lalubo nono. Kwana kaɗan su ma sun fara. Wani lokacin kuma roƙo ne zalla. A 2009 Karen McComb ta Jami'ar Sussex a Ingila ta nuna cewa mage mai neman abinci tana cusa wani siririn sauti mai kama da kukan jariri cikin gurnanin, mutum ya kasa share ta. Wayo ke nan!

Amma ga inda nake so ku tsaya. Mage na gurnani tana naƙuda, tana yi idan ta ji rauni ko ta tsorata, har wadda ke dab da mutuwa ma takan yi. Ni a ganina nan ne masu kiwonta suka fi ruɗuwa, domin mage gwana ce wajen ɓoye ciwo. Idan jikinta a sake yake, tana lumshe ido tana murza ƙafafunta a cinyarku, lafiya lau. Idan kuwa ta takure a lungu, ta ƙi abinci, kunnuwa sun kwanta, numfashi na sauri, kada gurnanin ya yaudare ku. Ta kwana ta wuni ba ta ci komai ba, ku kai ta wurin likitan dabbobi.

Masu mage a gida, ku gaya mana a ƙasa lokacin da taku ta fi yin wannan ƙarar. Sai mun haɗu a shiri na gaba.